Kukan 'Yan Tsakin da Ba a Ƙyanƙyashe Ba

Birnin Gwari, Litinin

Zuwa ga Yaya Raudatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da karatu da ruwan Zariya. Inna tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi. Sabis ya sake ɗaukewa, shi ya sa na ba direba wannan takardar.

Injin ƙyanƙyasar da kika haɗa wa Anti Comfort yana aiki. Yau kwana goma sha biyar da zuba ƙwan zabi ɗari da ashirin da ta saya wurin Mairama matar Bappa. Tun da gonarta ta Gayam ta gagara zuwa, ba ta da zance sai na zabi. Har sunaye ta fara raɗa musu.

To kin bar mini tsohuwar kwamfutarki, kin kuma rubuta bayani da Hausa a gefen kowane layi na umarnin injin don ɗan makarantar allo irina ya gane. Laifinki ne. Na samu wurin ƙararrawar injin, na yi ta sauya lambobi har ta koma tsiyo-tsiyo kamar ɗan tsako. Na sa ta yi minti goma sha biyar, sau uku a yini. Da kin ga Anti! Ta fito da ludayi a hannu, ta tara maƙwabta, wai zabinta sun yi sammako. Da ta gane, sai ta bi ni da ludayin har bakin titi.

Kada ki damu, ban taɓa aikinki ba. Na ga agogo uku a ciki, kowanne da lambarsa: mai duba zafi ɗaya, mai juya ƙwai biyu, ƙararrawa uku. Sai na mai da ƙararrawar tawa sifili, tunda sifili ba kowa ba ne.

Abu ɗaya dai: in tana kuka, lambar zafin tana tsayawa cik, in ta gama sai ta yi tsalle zuwa arba'in da ɗaya. Haka yake dama?

Ƙanenki mai hankali,
Maliki

Birnin Gwari, Asabar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso jiya, na karanta sau uku. Ba ki zage ni ba, kuma da zagin kika yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu na gane. Ƙwaƙwalwar injin abu ɗaya take yi a lokaci ɗaya, kuma mai ƙaramar lamba shi ke katse na bayansa. Ashe sahu ne: ɗaya yana bayan liman, sifili kuwa shi ne liman ɗin. Ni na ɗauki wasana na sa shi limanci. Duk minti goma sha biyar ɗin nan mai duba zafi yana tsaye yana jiran izini, fitilar ɗumama ƙwan tana ci, ba mai kashe ta. Kwana huɗu.

Na gyara yadda kika tsara. Mai duba zafi ya koma gaba. Ƙararrawa kuma ba ta riƙe kowa: in lokacinta ya yi, alama kawai take ajiyewa ta koma, sai injin ya samu sarari ya yi kukan a hankali, yana yi yana leƙa zafi. Na tuna Malam yana cewa in kana nafila ka ga yaro zai faɗa rijiya, yanke sallar ya zama dole. Na haddace wannan tun ina ƙarami, amma sai ga shi na hana a yanke tsiyo-tsiyo.

Mun haska ƙwan da tocila. Da yawa ba motsi. Anti ta ce Mairama ce ta haɗa mata da tsofaffi, ran kasuwa za ta tare ta. Ni kuwa na san laifina ne, Yaya. Na ce a raina zan faɗa mata bayan an ƙyanƙyashe, in an ga abin da ya rage. Abinci ma ba ya shiga.

Ki gaishe da abokan ɗakinki.
Maliki

Birnin Gwari, Litinin

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Inna lafiya, ruwa ya yi sosai.

Ban jira ba. Ran Laraba na hango Anti ta ɗaura gyale za ta kasuwa, sai na ga ai wannan maganar na ajiye ta a layin sai-an-jima, alhali ita ce ta gaba. Mairama tana tahowa da ƙwai tun daga bakin daji a ƙafa, kuma a kaina za a kira ta macuciya a gaban mutane. Na tare Anti a ƙofa na faɗa mata komai. Ba ta ɗauki ludayi ba. Sai ta ce, "Maliki, da na ci mutuncin matar nan, da wane ido zan kalle ta?" Ta cire gyalen ta koma ciki. Kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata.

Jiya da hantsi suka fara fasowa. Kuka ya cika ɗakin, na gaske. Anti tana tsakar gida tana wanki, tana ji, ta ɗauka ƙararrawata ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Sai da na sako ɗaya a hulata, jiƙaƙƙe, na ajiye mata kusa da baho. Ta goge hannu a zani, ta ɗauke shi, ta tambaye ni nawa ne. Na ce sittin da takwas.

Sauran hamsin da biyun ni na haƙa rami na binne, ina ƙirgawa.

Mairama za ta kawo wasu kafin damina ta ja baya. Anti ta ce ni zan zauna gadin injin kwana ashirin da takwas, kuma wanda na kawo a hula ta raɗa masa Maliki, wai shi ya fi kowa ihu.

In kin zo hutu ki duba lambobin da kanki. Ƙararrawa tana uku.

Ƙanenki,
Maliki