Madaɓina na Kamaluddeen ne

Da sunan Allah nake farawa. Ni Furera, matar marigayi Malam Dikko na Tiga, hankalina ɗaya ne, ƙafafu ne kawai suka gaza. Ku uku na haifa, ku saurara.

Na ɗaya. Gona, tumaki da ɗakina, malamai su raba yadda Allah ya ce. Ba na bin kowa, ba a bi na.

Na biyu. Filin tanis na bayan gida na fitar da shi daga sulusina na wasiyya, na bar wa yaran gari. Ɗayyabu, na san idonka na kansa don shanyar barkono. Ka nemi wani wurin.

Kun san asalin filin. Autana Kamaluddeen ya ga ma'aikata suna buga tanis a gidajensu, ya hana ni sakat. Kuɗin siminti babu. Sai na gayyato matan unguwa, muka zuba marmara, muka yi kwana tara muna daɓe kamar ɗakin amarya, muna yayyafa makuba. Da toka muka ja layi, ragar masunta muka ɗaura a tsakiya. Duk bayan damina sai na sake daɓe shi, shekara goma sha ɗaya. Kafaɗata ta dama har yau ba ta ɗaguwa.

Na uku. Kai babbansu, da bakina bai taɓa kiran sunanka ba, ka daina cewa ƙaninka Kamaluddeen ba jarumi ba ne. Jarumi ne. Ranar wasan ƙarshe na ƙasa, muna kallo a waya, alƙali ya ba shi maki, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce ƙwallonsa ta fita layi. Babu wanda ya gani sai shi. Ya mayar da makin, ya sha wuya, sannan ya ci kofin. Ranar na yi guɗa har muryata ta dushe. Shekara uku ke nan ba ka amsa sallamarsa. Ka amsa, tun kafin a ɗauki gawata.

Na huɗu. Kamaluddeen, yanzu ni da kai ne. Bayan kofin da mako ɗaya aka yi hira da kai a rediyo. Na tara matan da suka yi daɓen nan, na dafa musu dambu, muka kewaye rediyo. Aka tambaye ka inda ka koya. Ka ce a wani kulob na birni, a kan siminti, tun kana ƙarami. Ba Tiga, ba daɓe, ba uwa. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta dube ni, dambun ma ba a ci ba. Ka ci amanata, ɗana. Ban taɓa faɗa maka ba, yau na faɗa. Ka iya faɗin gaskiya a kan ƙwallo gaban dubban mutane, amma ka kasa faɗinta a kaina.

Madaɓina yana ƙarƙashin gado, hannunsa ya siɗe. Kyauta na ba ka tun ina raye, ba ya cikin gado. Ka ajiye shi a tsakiyar kofunanka, inda baƙi ke zama.

Na yafe muku duka, har kai. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ku riƙa cin tuwon Sallah a kwano ɗaya.

Wata rana wani baƙo zai nuna itacen nan ya tambaye ka mene ne. Babu alƙali a wurin, ni ma ba na nan. Ka ɗaga hannu kamar ran nan.