Hamonikar Baba Ishaya

Zuwa ga Ɗanladi ɗan Baba Ishaya,

Ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya, kai da Mama da ƙanwarka Rahila da duk mutanen gida. Ya haƙuri? Ya muka ji da wannan rashi? Allah ya ba ku dangana.

Na san ba a nan ya kamata in rubuta maka ba, a shafin intanet da wanda ya san ka da wanda bai taɓa jin sunanka ba duk za su karanta. To ya zan yi? Shekara biyu ke nan da ka toshe ni, tsohuwar lambarka kuma kullum a kashe. Ban ce ka yi laifi ba. Da ni aka yi wa abin da na yi maka, kafin in toshe mutum sai na zage shi tas.

Ranar Talata Maman Rifkatu, maƙwabciyarku ta Ƙofar Kaura, ta kawo mani ɗinki a shago. Ina cikin yanka atamfar take cewa ta yi mamaki da ba ta gan ni wurin jana'izar Baba ba, ga shi har an yi wata huɗu. Wata huɗu, Ɗanladi. Ina nan ina taka keke, ina surutu, ina cin tuwo, ashe babanka yana cikin ƙasa. Na ci gaba da yanka. Sai da ta tafi na lura hannun riga biyu na yanka, duk na hagu.

Tun ranar ban saurari kowa ba sai Oga.

Masu leƙen takardar nan ba su san Oga ba, don haka ka yi haƙuri in faɗi abin da ka riga ka sani. Baƙar fata ne ɗan Amurka, mai busa wani ɗan ƙarfe da ake ce wa hamonika a kiɗan da suke kira buluz, ya mutu tun kafin a haife mu. Sunansa na nan a intanet, amma a gidanku ban taɓa jin an kira shi da suna ba. Babanka “Ogana” yake ce mashi, kamar tare suke aiki a ma'aikatar ruwa, mu ma muka ɗauka.

Ka tuna ranar da na fara jin shi? Lahadi ce bayan La'asar. Ina ɗan shekara goma sha bakwai, ban fi wata uku da samun keken ɗinki nawa na kaina ba, na kawo wa Baba wandon da na rage wa tsawo. Na iske ku tsakar gida ƙarƙashin itacen bedi, kai kana rungume da jitar coci, shi yana kishingiɗe kusa da rikoda. Na ji wani abu na kuka a ciki, ko sallama ban ƙarasa ba na ce wa ya shaƙe akuya ya sa a kaset. Kai ka ɓata rai. Baba kau dariya ya yi har da tari, ya nuna mani benci ya ce, “Zauna, mara kunya, ka bari akuyar ta gama magana.”

Na zauna. Ban tashi ba sai da aka kira Magariba, shi ma Baba ne ya kashe rikodar ya kore ni masallaci. Haka ya riƙa yi kowace Lahadi har shekara takwas. Ladan na buɗe baki zai danna maɓalli, ko da Oga na tsakiyar numfashi.

Na daɗe ina neman yadda zan faɗi abin da mutumin nan yake yi, har yau ban samu daidai ba. Shi dai ba ya gaggawa. Mawaƙi zai yi baitinsa, Oga na gefe shiru, har ka ɗauka ya fita shan iska. Sai mawaƙin ya kai aya ya bar ɗan fili, sannan ya shigo. Kuma ba irin amshin 'yan amshinmu yake yi ba, masu maimaita abin da aka faɗa. Wani lokaci rarrashi yake, wani lokaci gardama, wani lokaci kamar yana ce wa mawaƙin ƙarya kake, abin ya fi haka ciwo. Zai kama sauti ɗaya ya riƙe, ya buɗe tafin hannu ya rufe, ya buɗe ya rufe, abin ya riƙa rawa kamar muryar macen da ta gaji da kuka amma ba ta gama ba. Sai ya lanƙwasa shi ƙasa. Wannan lanƙwasar ita ta kashe ni. Kamar mutum ya buɗe baki zai auna ashar, sai ya hango uwarsa a bakin ƙofa, ya haɗiye. A nan gida mai goge ne kaɗai na taɓa jin ya kusa kai wa can, shi ma sai ran da aka ɓata mashi rai.

In kuma ya ga dama, ɗan ƙarfen nan da bai kai tsawon almakashina ba sai ya mayar da shi jirgin ƙasa, har da tashi a hankali da ƙara gudu. Da waccan waƙar nake taka keke in aikin salla ya yi yawa. Ƙafa ba ta jin gajiya.

Da na ce sai na koya da hamonikar Baba, kai ka fi kowa shan wahala. Ni ɗan Katsina, abin busa da na sani algaita ce. Na cika kumatu kamar mai algaita, na hura da ƙarfin tsiya har idanu suka firfito. Wata biyu ina haka. Abin da ke fita sai ka ce hon ɗin mashin. Mama ta rantse kajinta sun rage ƙwai. Kai kana kaɗa mani jita kana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace maka. Na ce hamonikar ce ta lalace, na ce ta jabu ce, har na ce Baba ya ɓoye ta ƙwarai ya ba ni ta yara.

Baba ya bar ni ina ta fama har wata Lahadi. Ya miƙa hannu ya cire zare daga wuyan rigata, ka san tela ba ya rabuwa da zare. Ya ba ka ka riƙe a bayan hamonikar, ya sa baki ya yi irin kukan Oga. Zaren bai tashi ba, liƙewa ya yi jikin ƙarfen. Ya ce, “Ka gani? Wannan ba algaita ba ce. Ogana zuƙa yake yi, ba hurawa ba. Ja iskar ciki, kamar mai shan kunu da zafi.” Wata biyu ina tura iska waje, ashe duk kukan nan a hanyar shiga ake samun shi.

Ran da na fara lanƙwasa sauti da kaina, ka yar da jita ka ɗaga ni sama, muka faɗa kan kwanukan Mama.

Hamonika ɗaya ce a gidan. Baba ya gama, ya buga ta a tafin hannu, ya goge a wando, ya miƙa maka. Kai ka goge ka miƙo mani. Dokarsa ɗaya tak: wanda ya ci goro ko gyaɗa ya kurkure baki tukuna. Da labarin ya kai majalisarmu ta Ƙofar Marusa, wani ya ce ashe ina sa baki inda wanda ba musulmi ba ya sa. Ba haka ya faɗa ba, kalmar da ya furta ba zan rubuta ta ba. Na wanke shi tun daga hula har silifas, sai da aka riƙe ni. Da na ba ka labari ka ce, “Allah ya sa kada wata rana bakin nan ya juyo kaina.” Muka yi dariya.

Ka san a aji biyu na sakandare na tsaya. Turancina na tsoffin jaridun da nake zana samfurin riga a kansu ne, da ƙamus ɗin nan marar bango da Baba ya ba ni. Da shi na bi labarin Oga a waya bayan kun bar Katsina, kalma-kalma. Ashe dishi-dishin nan na muryar hamonikarsa ba tsufan kaset ba ne kamar yadda muke zato. Ƙaramin makirfo yake haɗawa da ita cikin tafin hannu, ya rufe ruf, ya ƙure lasifika har ta fara gurnani. Abin da masu gyaran sauti ke gudu, shi ya mayar da shi ado. Na saurari waɗanda suka zo bayansa da yawa, baƙaƙe da farare. Wasu sun fi shi gudu, wasu sun fi shi tsafta, amma da zarar sun zuƙa sai ka ji a zauren wa suka yi karatu. An ce shi ma zuciya gare shi, ba a taka shi ya ƙyale, kuma bai daɗe a duniya ba. Da na karanta wannan sai na ajiye wayar. Na so in kira ka in ce ashe ɗan'uwana ne, in ji ka ce dama ka yi zargin haka.

Bara na ɗauki hamonikar da na sayo a Kano na kai wani situdiyo cikin gari don a ɗauki busata. Mai wurin ya ce ba sai na wahala ba, kwamfutarsa tana da ita. Ya danna. Ɗanladi, wallahi sai ka ce ƙararrawar mai askirim. Sumul, ba numfashi, ba nishi, ba mutum a ciki. Na ce mashi halan kwamfutarka huhu gare ta? Ya ce in fita. Na fita. Duk wanda na kunna wa Oga a garin nan sai ya tambaye ni yaushe za a fara rawa. Mu uku muka san shi a Katsina. Ɗaya ya mutu, ɗaya ba ya magana da ni.

Waƙoƙin duk na same su a intanet, tas, ba ƙara. Amma akwai wadda ba na iya ji har ƙarshe, ta uku a gefen farko na kaset ɗin. Ka san dalili. Ni ne na zo mayar da ita baya, yatsana ya haɗa da jan maɓallin ɗauka, kafin mu farga na goge tsakiyar busar da Baba ya fi so. Daga ranar, duk lokacin da Oga ya hau can sama sai ya yanke, sai muryar Baba, “Kai! Kai! Me ka taɓa?” Sai dariyarka, sai Mama daga kicin tana tambayar wa zai ƙara miya. Sannan Oga ya dawo kamar ba a yi komi ba. Mako biyu Baba na kirana ɓarawon waƙa. Yanzu a waya in an zo wurin, busar wucewa take yi lafiya lau, mai kyau ce ƙwarai, ashe abin da na goge ke nan. Ni kau kunnena tsayawa yake yana jiran tsawar Baba.

To bari in daina kewaye-kewaye.

Bayan Baba ya yi ritaya kun koma Filato, rikici ya tashi wajenku. Ka rubuta a shafinka cewa an kashe mutane a gida. Ni a lokacin na cika cikina da bidiyoyi da zancen majalisa. Ban kira ka ba. Ban tambayi lafiyar Mama ba. Ko rubutun ban karanta har ƙarshe ba, na shiga ƙasa na rubuta, “Ku ma ai kuna yi.” Mutane suka yi ta yaba mani, ina jin kaina gwani. Sai bayan ka toshe ni na karanta layin ƙarshe a wayar wani: mijin Rahila yana cikin waɗanda aka kashe. Rahilar da ni na ɗinka mata rigar aure.

Ba zan ce shaiɗan ne ba, ba zan ce zafin rai ne ba. Ni ne. Na yi maka laifi, na yi wa Rahila, na yi wa mutumin da ya shekara takwas yana kashe waƙarsa don in samu jam'i. Ban sani ba ko ka nuna mashi abin da na rubuta. Tambayar nan ta hana ni cin abincin kirki tun Talata. In ka nuna mashi, kada ka faɗa mani abin da ya ce. A'a, ka faɗa mani. Ban sani ba.

Na san akwai masu shirin yi mani wa'azi a ƙasan rubutun nan. Su adana datarsu, ba da su nake ba.

Ka zauna a garin nan, ka san ba a gaisuwar mutuwa ta waya in dai mutum na da ƙafa. Lokacin da Innata ta rasu, Baba ya zo gidan iyayena a Ƙofar Durbi ya zauna kan tabarma kwana uku cikin dattawan unguwa, yana amsa gaisuwa kamar ɗan gida. Don haka wannan rubutun ba gaisuwa ba ne. Asabar mai zuwa zan rufe shago in hau motar Jos. In na iso ka ga dama ka fito, to. In ba ka fito ba zan durƙusa gaban Mama da Rahila in faɗi abin da ya kawo ni. Su kore ni ko su ba ni ruwa, duk na ɗauka.

Sai dai ga abin kunya. Shekara goma sha ɗaya da saninka, na san awon kafaɗarka ba sai na ɗauko tef ba, amma ban san sunan ƙauyenku ba. Kullum “gida” kuke cewa, ni kuma ban taɓa yin shiru na tambaya ba. Maman Rifkatu ta ce su motar coci ta kai su jana'izar, abin da ta riƙe kawai an wuce Jos, an karya kwana a wata mararraba. Wace mararraba, Ɗanladi? Ba sai ka buɗe ni ba, ba sai ka yafe mani tukuna ba. Ka ba wani ya rubuto sunan a ƙasan nan, shi ke nan. In ba a rubuto ba zan je duk da haka, in bi tasha-tasha ina tambayar gidan Ishaya na ma'aikatar ruwa, mai hamonika.

Allah ya ba Mama haƙuri da lafiya. Allah ya share wa Rahila hawaye, ya raya mata abin da aka bar mata. Allah ya sanyaya zuciyarka a kaina, ko ba yau ba. Ni kuma Allah ya kai ni lafiya, ya riƙe mani harshena in na iso. Amin.

Naka, ko kana so ko ba ka so,

Kabiru Tela,
Ƙofar Marusa, Katsina.