Ƙasar Gindin Marke

Baban Ramlat,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Rimin Gado lafiya lau, Ramlat har ta fara tatata.

Rumfar rainon dashen itatuwan nan da ka yi ta yi mini dariya a kanta ta kammalu. Na sa Nababa magini ya ja katanga ta gabas saboda iskar hadari, yamma kuma a buɗe don haske. Ya yi mini dandamalin cika ledojin shuka da ƙasa daidai ƙuguna, da gurbin randa. Ƙasa kuwa baƙa wuluk na samo a gonarku, gindin marken nan da marigayi Baba ba ya nomawa. Kai da ka ce ko barkono ba zan tayar ba, zo ka gani.

Taka,
Juwairiyya

Baban Ramlat,

Ina gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ni dai hankalina a tashe yake.

Mangwaro da gwaiba da zogale duk sun tsiro, amma ba sa bin haske. Sun juya wa yamma baya, sun kwanta ta gefe guda suna fuskantar katanga. Ina juya ledojin da safe, kafin azahar sun koma.

Na kira Innarku ta gani. Daga bakin ƙofa ta tsaya tana salati, ta ƙi shiga. Ta ce a gindin marken aka binne mutanen tsohon ƙauye a shekarar annoba, shi ya sa Baba bai taɓa sa fartanya a wurin ba. Ta ce in duba da kyau, alƙibla suke kallo.

Mun mayar da ƙasar kakaf, liman ya yi addu'a. Na ɗauka an gama.

To, Ramlat ta daina tatata. Kwanciya take ta hannun dama, fuskarta gabas, idonta biyu, ba kuka ba motsi. Sai yau Nababa yake gaya mini da ragowar ƙasar ya yaɓe tsagewar bangon ɗakinmu, daidai shimfiɗarta.

Na sa an kankare bangon, mun koma ɗakin Inna. Yanzu haka tana gefena. Tun da na fara rubutun nan nake juyo ta, tana komawa.

Wallahi tsoro nake ji. Don Allah ka taho gida.

Matarka,
Juwairiyya