Ƙugiya Mai Baki Uku

Unguwar Maƙera, Watari,
9 ga Fabrairu, 1985.

Zuwa ga ƙanena Sama'ilu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, sai dai rumbu da muka fara ganin gindinsa. Maiɗakina, yayarka Hure, tana gaishe ku.

Bayan haka, mutuncina aka ci, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da damina ta ƙi, ba mai sayen fartanya, balle lauje. Duk gari an koma dam. Manoman da ba su san gaban kwalekwale da bayansa ba, yau su ne masunta. To, Sarkin Ruwa Muhammadu Sani yana da wani kifin ƙarya na ƙarfe, mai kama da cokali, wanda wani injiniyan dam ya bar masa. Jefa shi ake yi a riƙa ja, yana walƙiya, giwan ruwa ya zaci abinci ne ya hadiya. Tsatsa ta cinye ƙugiyarsa mai baki uku, sai ya kawo mini in ƙera wata.

Na ƙera, na tsoma ta a ruwa da zafinta, yadda Baba ya koya mana a bakin gatari. Giwan ruwa ya kama, ana ja ana kabbara, sai ta karye kamar karan dawa. A gaban jama'a mutumin nan ya ce wai maƙerin tudu sai aikin tudu. Ni ɗin nan, da ubana ya ƙera askar da aka yi wa shi Sarkin Ruwan askin suna! Wallahi kwana biyu tuwo bai yi mini daɗi ba.

Ga karyayyar nan cikin ƙunshi. Ka shiga kasuwar Sabon Gari ka samo mini ta kamfani mai girmanta daidai, mai kunne da kaifi da zobe a gindi. Ba sawa zan yi ba, dubawa zan yi in ga abin da suka fi ni da shi. Kada kowa ya ji.

Wassalam. Yayanka,
Abdulƙadir Maƙeri.

Unguwar Maƙera,
2 ga Maris, 1985.

Sama'ilu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida da ta yara, saƙonka ya iso hannun direban motar hatsi. Na gode da ɗawainiya, amma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci.

Garma na aike ka saye? Wannan abin da ka aiko ai a rataye cinyar saniya da shi a mahauta. Ka rubuta wai ka zaɓi babba saboda kifin babba ne. Hankalin manomi ke nan, babbar gona babbar fartanya. Ba da kifin ruwa ake auna ƙugiya ba, da kifin ƙarfen ake auna ta. In ta yi masa nauyi ba zai yi rawa ba, nutsewa zai yi ya maƙale a kututturen itatuwan da dam ya shanye. Me ya sa na wahalar da kaina na aiko maka da karyayyar? Ka mayar, ka ɗora ta a kan sabuwar, baki da baki, kafin ka karɓa.

Sai kuma shawarar da ba a tambaye ka ba. Wai in sayar da uwar maƙera da zuga-zugi in zo birni ka samar mini gadi. Kai da aka sallama daga masaƙa bara, kai ne mai raba aiki? Uwar maƙerar nan kakanmu ya yi duka a kanta. Ni ba zan zauna a ƙofar wani Alhaji ina buɗe wa mota ƙyaure ba.

Amma kada faɗana ya rufe maka ido. Hure ta mayar da girki sau ɗaya a yini, shi ma rabinsa zogale ne. Sarkin Ruwa ya ce ranar da na yi ƙugiyar da ta riƙe giwan ruwa, duk masunta wurina za su zo, kuma da gero za a biya ni. Ka ga abin ya wuce zancen fushi. Ka hanzarta don Allah.

Naka,
Abdulƙadir.

Unguwar Maƙera,
6 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga ɗan'uwana Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Yaya zafi, yaya haƙuri da zamani? Allah ya sa kowa lafiya. Wannan karon ka zaɓa daidai, Allah ya yi maka albarka. Karanta sauran kai kaɗai.

Kwana goma ina kwaikwayonta. Na gwada sifirin tsohon gado, na gwada wayar ƙafar keke. Wadda ba ta karye ba sai ta miƙe. Ranar Talata Sarkin Ruwa ya aiko cewa in na kasa zai kai wa maƙeran Dawakin Tofa. Na dubi rumbu, na dubi yara. Sai na kara wadda ka aiko a hayaƙin gawayi ta yi baƙi, na ɗaura masa a matsayin ƙirata. Na faɗa maka dubawa kawai zan yi, ban cika alkawari ba.

Washegari aka fito da giwan ruwa, mutum biyu ke ɗauke da shi a sanda. Har ƙofar maƙera suka zo da kalangu, ana yi mini kirari, aka ba ni kan kifin, aka sauke damin gero biyu na somin aiki. Sama'ilu, ka san abin da ya fi ci mini rai? Ƙugiyar ta bi hannu ya fi ashirin, ana juya ta ana cewa aikin Abdulƙadir ba ya ɓuya. Shekara talatin suna noma da ƙarfena, babu mutum ɗaya da ya iya bambance dukan masabata da aikin inji. Ashe duk yabon da suke yi mini tun da can, ba su san abin da suke yabo ba.

Hure ta ce in ja bakina in yi shiru, ba a miya da gaskiya. Ban ji ba. Bayan sallar Juma'a na tare Sarkin Ruwa a gaban dattawa, na ce ƙugiyar nan ta kanti ce, ƙanena ya aiko daga birni. Sai suka fashe da dariya. Wai haka maƙera suke tun kaka da kakanni, ba sa son a san asirin ƙarfensu. Na rantse, suka ce rantsuwar ma cikin asirin take. Mutum ya tona kansa a ƙi karɓa, ka taɓa jin irin wannan wulaƙanci?

Geron kuwa an riga an sussuka, yara sun ci tuwo sau biyu, na ji dariyarsu a tsakar gida. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masunta goma sha ɗaya ke jirana, ina nan ina gwada tsomawa a man gyaɗa maimakon ruwa. Ta jiya, da na gwada ƙarfinta, har ta ɗaga dutsen niƙa kafin ta miƙe.

Roƙona ɗaya ne. In ka ga wasiƙata ina cewa ka ƙaro na kamfani, ka yaga ta, ko da kuka na rubuta. In kuwa Hure ce ta aiko maka, to ka sayo, ka ba ta a hannunta. Kada ka gaya mini.

Ka gaida iyali. Allah ya kawo mana damina mai albarka.

Yayanka,
Abdulƙadir Maƙeri.