Ban Ce Kin Yi Ƙiba Ba, Iyatu

Garwa, Litinin, 9 ga Maris, 1998

Ya Iyatu, sanyin idona, farar audugar Pitowa ranar da ta buɗe, inuwar darbejiya a tsakiyar azahar, ruwan Binuwai idan ya kwanta ya yi garau! Gaisuwa daga wawan da ya fi kowane wawa a Garwa iya Ingilishi.

Yau kwana tara rabon da ki dube ni. Kwana tara! Ina yanka nama ina yanka yatsa, mai son tsoka ina ba shi ƙashi.

Ni mahauci ɗan mahauci, me ya kai ni ajin Ingilishi na Madam Delphine na ranar Asabar? Ke ce. Na ji kin shiga don jarrabawar aikin jinya, na wanke hannu da sabulu sau uku, na sayi littafi, na zauna a bayanki. Kin tuna ranar da birona ya ƙafe kika miƙo mini naki ba tare da kin waiwayo ba? Har yau ban mayar ba, kuma ba zan mayar ba.

Sai waccan Asabar ɗin. Madam ta rubuta kalma uku a allo: heavy, heavier, heaviest. Ta ce ta farko mai nauyi, ta biyu wanda ya fi wani nauyi, ta uku wanda ya fi kowa da kowa. Nan take na tuna ki. A duk faɗin garin nan, wa nake jin nauyinta kamar ke? Wa ke sa in rasa inda zan ajiye idona? Da Madam ta nemi misali na miƙe, na gyara hula, na ce da ƙarfi: "Iyatu is the heaviest woman in Garoua."

Wayyo ni! Antoine direba ya faɗo daga benci don dariya. Wani a baya ya ambaci dorinar Binuwai. Ke kuwa, siririya kamar karan dawa, kika rufe littafinki a hankali kika fita.

Bayan an watse Madam ta zaunar da ni. Ta ce kalmar ta abin da ake ɗorawa a sikeli ce: sa, buhun auduga, tirelar da ke rarrafe a hanyar Ngong. Ruwan sama ma in ya fi na kullum ana faɗa masa haka. Amma girman mutum a zuciya bai shiga ciki ba. Sannan ta ba ni ashirin bisa ashirin, wai jimlar ba kuskure ko ɗaya. Wata huɗu ban taɓa wuce bakwai ba, sai ranar da na rusa gidana da bakina!

Maganar ta kai kasuwa, ta kai kunnen Baffanki Wada. Ya aiko cewa kada manyana su zo neman aurenki ran Juma'a. Jiya na je na durƙusa gabansa, na yi bayani da Hausa, na sake da Fulatanci. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, amma ya ce ke aka kunyata, ke za ki yanke.

To, ga ni gabanki, hasken safiyata. Ki dawo ajin, kada wautata ta raba ki da jarrabawarki. Ni zan tsaya gaban kowa in ba ki haƙuri da harshen da uwata ta koya mini, in kuma ganina ne ba kya so, in bar miki ajin gaba ɗaya.

An riga an sayo goro, yana cikin jiƙaƙƙen buhun algarara a ɗakin Inna. In kin yafe, kalma ɗaya ga Baffa ta isa. In ba ki yafe ba, tsofaffin gidanmu su cinye abinsu, in sayo wani don Juma'a mai zuwa, da ta bayanta, har haƙoransu su yi ja.

Naki ke kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,

Hamadu