Guntun Ƙirgi a Wuyan Mubina

Zawaciki, Kumbotso,
Jihar Kano.

Zuwa ga ɗana Abdulbaqi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma zuwa Islamiyya. Damina ma ta yi albarka, gyaɗar da na zuba a bayan gida ta rufe ƙasa.

Barkanmu da arziki! Tun ranar da ka bugo waya cewa matarka Saudat ta sauka lafiya bakina bai rufu ba. Da ka ƙara da cewa sunana aka sa wa yaron, sai na rasa inda zan sa kaina. Na cika aljihu da goro da dabino na tafi har bakin ƙofar tsohon kamfaninmu na fata a Challawa, na tsaya lokacin da ma'aikatan safe ke fitowa, ina raba wa wanda na sani da wanda ban sani ba. Mahaifiyarka kuwa sai yanga take mini, wai ta yi sabon miji, ni na zama tsohon yayi. Na ce mata to, sai ta jira angon nata ya kawo cefane. Allah Ya raya mini takwarana, Ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne, Ya ƙara wa mai jego lafiya.

To amma akwai maganar da ta hana ni jin daɗin nan yadda ya kamata, kuma ba ta waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuto da hannuna. Maganar 'yarka Mubina ce, da makarantar kuɗin nan da ka ce a mayar da ita don ta iya Turanci.

Ka san yadda ka bar mana yarinyar nan, bakinta kamar rediyo, sai an roƙe ta take yin shiru. Tun shigarta makarantar sai ta soma canzawa. Ta dawo ta zauna a gindin darbejiya, a tambaye ta ta ɗaga kai ko ta girgiza. Mahaifiyarka ta ce ko mayu ne, har ta soma turare. Ni kuma wani wari nake ji a wuyan rigarta ta makaranta, warin da na sha shekara da shekaru a wurin aiki, wanda hancina ba zai taɓa ɓata shi ba. Na ce a raina, me ya haɗa yarinya 'yar aji uku da ɗanyar fata?

Maƙwabcinmu Lawan ne ya warware mini, mutumin Maraɗin nan da ke aiki a sashen wankin fata. Ya yi sallama da ni rai a ɓace, riƙe da hannun 'yarsa Aina'u, wadda ka san tare suka tashi da Mubina, kwano ɗaya suke ci. A wuyan Aina'u akwai guntun ƙirgi, ɗanye, da sauran gashi a jikinsa, irin yankin da ake zubarwa a juji bayan kamfani, an huda shi an zura igiya. Ƙudaje na binta. Wallahi ni da na tsufa a cikin fata sai da na toshe hanci. Ashe dokar makarantar ke nan: duk yaron da aka ji ya yi Hausa, sai a rataya masa wannan ƙazanta. Ba zai rabu da ita ba sai ya kama wani yana Hausa, ya cire ya rataya masa. Wanda aka tashi tana wuyansa ya sha bulala, kuma ya tafi da ita gida ya dawo da ita gobe.

Ba warin ne ya fi ƙona mini rai ba, Abdulbaqi. Lawan ya ce a ranar a wuyan Mubina abin yake tun safe, duk yara sun kama bakinsu, ta rasa wanda za ta ba. Da ta ga an kusa tashi, sai ta je ta take wa Aina'u ɗan yatsan ƙafa da takalmi, da gangan. Yarinya ta yi ihu ta ce wayyo ƙafata. Mubina ta ruga ta gaya wa malami, aka cire aka rataya wa ƙawarta. Na kira Mubina na tambaye ta, ba ta musa ba. Ta ce kowa haka yake yi, wasu ma tsinin biro suke soka wa na kusa da su. Ta faɗi haka ido a bushe, kamar mai ba da labarin kasuwa.

Washegari na sa babbar riga na tafi wurin hedimasta. Ya karɓe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma aikinsu shi ne su yi inculcate ɗin Turanci a kan yara. Kalmar ba baƙuwata ba ce. Ka tuna ina da furfura na shiga ajin yamma na manya, ina tashi daga aiki in wanke hannu in ɗauki littafi. Malaminmu, marigayi Malam Muhyiddeen, ya taɓa tsayawa a kanta. Ya ce Turawa suna da kalmomi da dama na sa wa mutum abu a ka, kuma ba ɗaya suke ba. Ita wannan, in ji shi, asalinta daga takawa da diddige ne, a yi ta nanatawa har abu ya shige. Akwai instil, wato a riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan kamar maganin ido. Akwai implant, wato dashe, a sa a ƙasa a bar shi ya yi saiwa da kansa. Ya ce mu tsofaffi ba mu takuwa, sai ɗigo, kuma da ɗigon nan na kai ga rubuta maka wannan takarda. Ban ce wa hedimastan kada a nanata wa yaro karatu ba, mu ma da nanaci muka haddace Fatiha. Abin da na tambaye shi shi ne, shin ya duba abin da ke shiga kan yaran kuwa? Don ni Turancin da na ji a bakin Mubina bai wuce na roƙon a yi mata haƙuri ba. Abin da ya shige ta sosai shi ne, in wuya ta kama ka, nemi na kusa da kai ka ɗora masa.

Sai ya yi murmushi ya ce iyaye ne ke son haka, in an sassauta ma ƙorafi suke yi. Ya ce kai da kanka ka bugo masa waya daga Fatakwal ka ce a matsa mata, kada a raga mata ko kaɗan. Na ɗauki hulata na fito.

Ban zarge ka ba. Na san abin da ka gani. Na san yadda aka tsallake ka a wurin aiki aka ɗaga waɗanda ka koya wa aiki, don kawai harshensu ya fi naka santsi, kuma ba ka so 'yarka ta sha irin wannan. Ni ma ina so ta iya, har ta fi mai koya mata. Na kuma tabbata da ka ce a matsa mata, ba ka san da guntun ƙirgi ba. Amma garin neman gira kada a rasa ido. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Ga abin da na yi. Na kai Mubina gidan Lawan ta ba Aina'u haƙuri. Sun gaisa, amma har yau Aina'u ba ta sake shigowa gidan nan ba, kuma ban ga laifinta ba. Na kuma dakatar da Mubina daga zuwa makarantar, tana gida, da yamma muna karanta littafinta tare, inda na kakare ta gyara mini. Akwai wata makaranta a hanyar Panshekara da na je na zauna a bayan aji na saurara. Ba ta da fenti mai kyau kamar waccan, amma na ji yara suna tambaya ana ba su amsa. Ina neman izininka in kai ta can kafin zangon nan ya yi nisa. 'Yarka ce, maganarka ce a sama. Sai dai in ka ce lallai ta koma inda ta fito, ka sani ba ni zan riƙe hannunta in kai ta ba, sai ka zo da kanka.

Mahaifiyarka Hajiya Uwani tana gaishe ka, ta ce ga daddawa da kuka da yajin jego nan ta ba direban da zai kawo maka takardar, na Saudat ne, kada ka taɓa. Baffanka Idi da ƙanwarka Bilkisu da mijinta Salisu duk suna yi muku barka. Ka gai da Saudat da kyau, ka shafa mini kan takwarana. Na ce wa Mubina ta faɗi saƙonta in rubuta maka, sai ta tambaye ni da wane harshe za ta gaishe ka don kada ka yi fushi. Na ce mata zan tambaye ka. Muna jiran amsa.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Malam Ɗayyabu Zawaciki.