Askin Tsakiyar Teku

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga tsakiyar teku. Ya shago, ya dusar ƙanƙarar garinmu Shediac? Ni dai amai ya tsaya, amma karatu a makarantar jirgin ruwa, a ajin da ke lilo, sai a hankali. Jiya malamin tarihi yana cikin bayani kujerarsa ta tafi da shi har bango. Intanet ɗin jirgin nan ba ya ɗaukar hoto sai rubutu, ki yi haƙuri da surutuna.

Jibi za mu ƙetare layin da ya raba duniya biyu. A al'adar jirgi, duk ɗalibin da bai taɓa ƙetarewa ba sai ya sumbaci mataccen kifi, masu ƙarfin hali kuma a yi musu aski ƙwal. Leilani, 'yar ɗakinmu, ta nace mu yi tare. Na ce mata uwata mai gyaran gashi ce, ko bakin gashina na datse ban faɗa mata ba sai ta yi sati ba ta kula ni. To, in aske? Ina jiran faɗanki.

'Yarki, Odette

*

Odette 'yata,

Muna lafiya, muna gaishe ki. Ki aske abinki in kina so, ai gashi ne kawai.

Mamanki

*

Yaya Remi,

Ina gaisuwa, amma hankalina ba a kwance yake ba. "Gashi ne kawai"? Mama? Matar da ta bi ni har makaranta da mataji? Sai yanzu na lura rabonta da yi mini faɗa tun muna Maroko, kuma duk tashar da muka tsaya na kira ta a bidiyo sai ta ce kyamara ta lalace. Kar ka raina mini hankali. Me ke faruwa a gidan nan? Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka, Odette

*

Odette,

Ina fatan kina lafiya. Dama na gaya mata za ki gane, ke da bin ƙwaƙƙwafi.

Ciwon daji ne, a nono. An gano shi bayan tafiyarki kaɗan. Ana ɗura mata magani a asibitin Moncton, likita ya ce an kama shi da wuri, amma maganin yana wahalar da ita. Gashinta ya zube duka. Ranar da ya fara zuba ta rufe shago, ta juya madubin ɗakinta ya kalli bango.

Na san yanzu kina haɗa jaka ki sauka a Cape Town. Kin san dokar makarantarku, wanda ya bar jirgi ya rasa zangon karatun gaba ɗaya. Ta ce in gaya miki: "In ta sauka, ta nemi wani gidan, ba nawa ba." Da ƙarfinta ta faɗa, har na ji daɗi.

Ki yafe mini.

Yayanki, Remi

*

Mama,

Ina gaishe ki, kuma ina fushi da ke. Na haɗa jakar, na kwance, na sake haɗawa. Ba zan sauka ba tunda kin hana, amma ki sani kullum zuciyata tana Moncton.

Na sumbaci kifin, warinsa har yanzu bai bar ni ba. Na kuma zauna a kujerar aski. Sai da Leilani ta kitse gashina jela ɗaya kafin ta yanke, yara suna ta ihu da tafi, ni kuwa kuka nake, sun ɗauka na gashi ne. Zan aiko miki da shi daga tasha, ki sa a yi miki hular gashi. Ke kika raine shi, naki ne.

Abu ɗaya nake roƙo: ki daina lallaɓa ni. Shi ya fi komai tsorata ni.

'Yarki mai ƙwalelen kai, Odette

*

Odette,

Saƙo ya iso, na gode. Wace marar hankali ce ta riƙe almakashin nan? A karkace ta yanke shi! Bakinsa kuma duk ya tsage, wato man da na sa miki a jaka ko buɗe shi ba ki yi ba. Sai da na juyo madubi na gyara shi da kaina.

Ki sa hula, rana za ta ƙone miki kai. Ki dawo ki same ni, faɗan bai ƙare ba.

Mamanki